Gidan da Na Zaɓa wa Yaya

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yaya zai sayar da gidansa. Yau ya faɗa min, a tsaye a bakin ƙofar ofishinmu, ko kujera ya ƙi karɓa. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan na kimanta gidaje, bai taɓa tako wurin ba sai yau. Ya ce asibitin da aka tura su sun ba Anti ranar da za a yi mata aiki, ashirin da shida ga wata, amma sai an biya kafin a ajiye mata gado. Anti matarsa ce, ita ta riƙe ni tun ina aji uku bayan rasuwar Inna. Ba zan rubuta sunan ciwon a nan ba. Likita ya faɗa sau ɗaya, ya isa.

Ya ce, "Auta, ke ce gwanar abin. Nawa zai yi yanzu?"

Na ce sai na duba. Babu abin da zan duba. Na san farashin kowane gida a layin nan kamar yadda na san kuɗin mota zuwa gidana.

Wai an samu mai so, wata malamar makaranta, dillali ne ya kawo ta. An ce mata miliyan talatin da tara, ba ta gudu ba. Asibiti talatin suke nema. Talatin da biyu muka saye shi shekara uku da suka wuce. Na rubuta "muka", alhali kuɗin sallamarsa ne na shekara talatin da biyar a gidan waya, ko kwabo ban saka ba. Ni dai na zaɓa.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An yi ruwa da safe. Ban kira su ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Banki sun aiko a kimanta gidan Yaya, domin rance Malama za ta ci, kuma banki ba ya ba da fiye da abin da muka rubuta. Manaja ya ce ni 'yar'uwa ce, ba zan taɓa ba, ya ba abokin aikina Dogo. Na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin. Dogo mutumin kirki ne, amma in da zai iya auna gida daga cikin mota da ya yi.

Mutane suna ɗauka muna da wani asiri a aikin nan. Babu komai. A auna, a ɗauki hoto, sannan a buɗe kundin ofis a nemo gidaje uku na ƙarshe da aka sayar a layin, a raba tsakani. Manaja kan ce wa sababbin ma'aikata kada su tambayi gida nawa yake, su tambayi nawa aka sayar da na maƙwabcinsa.

Na buɗe kundin ba tare da an sa ni ba. Layin su Yaya: talatin da takwas, arba'in, arba'in da ɗaya. Duka ukun kafin daminar bara ne. Tun daga nan wata goma sha huɗu babu wanda ya sayar. Kundi bai san an yi damina ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Manaja ya ajiye min fayil a tebur. Gida na goma sha huɗu, layi ɗaya, ƙofa biyu tsakaninsa da na Yaya. An riga an sayar, takardar kima kawai ake so don canjin suna. Na ga farashin, na rufe fayil ɗin, na sake buɗewa ko idona ne. Sha tara.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gidan Tela ne, maƙwabcin su Yaya. Na same shi yana ɗaure kekunan ɗinkinsa da igiya, kowane keke a kan bulo biyu. Ya gane ni, sai ya rufe ƙofar waje kafin ya gaishe ni.

Ya ce, "Ƙanwar mai gidan waya ce ko? Don Allah rufa min asiri. Mun zauna da mutanen layi bara, mun yi alkawari kada kowa ya sayar ƙasa da talatin da biyar. Ni ma na ɗaga hannu."

Na ce, "To me ya kai ka sha tara?"

"Wata goma allon sayarwa yana maƙale a ƙofa, har rubutun ya goge. Keke biyu ruwa ya ci min, da atamfar mutane buhu guda. Wanda ya saya ma ba zama zai yi ba, rushewa zai yi ya buɗe wurin wankin mota. Ya ce tunda ruwa na zuwa da kansa, an rage masa wahala."

Ya yi dariya, ni ma na taya shi don kada ya yi shi kaɗai.

Na yi aikina yadda na saba. Ina ƙwanƙwasa bango da mukulli daga sama zuwa ƙasa, in ji inda sautin ya mutu. In buɗe kabad ɗin kicin in shinshina. In sa tafin hannu a bayan ƙofa, inda mai fenti yake ƙiwar kaiwa. Daga gwiwa zuwa ƙasa bangon sanyi ƙalau, siminti yana biyo hannu kamar gari. Na goge hannuna a jikin jaka. Na taɓa goge hannuna haka a layin nan.

Da na fito na leƙa gidan Yaya. Warin fenti tun daga ƙofa. Dillali ne ya kawo mai fenti, wai don gida ya yi haske a hoto. Ko'ina an shafe, ban da bayan babbar durowar kayan Anti, don tana kwance ba a so a tashe ta. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa.

Ta ce, "Auta, ke kika rame ko ni ce idona ya fara ƙarya?"

Na ce aiki ne. Ta ce aikin auna gidan mutane ne yake ramarwa, to da su da suke gina shi tuni sun ɓace.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na gama rahoton Tela. Ƙa'ida ita ce ya shiga kundi ranar da aka gama. Idan ya shiga, shi ne na ukun ƙarshe, kuma dole Dogo ya tambayi me ya sa gida a layin arba'in ya tafi a sha tara. Daga nan banki zai yanke, daga nan babu talatin.

Na sa shi a durowar teburina, ƙarƙashin kwalin shayi. Ban canza lamba ko ɗaya ba. Duk abin da ke ciki gaskiya ne. Jinkiri kawai, kwana goma sha biyar. Fayil nawa ne suke kwana wata biyu a ofis ɗin nan babu mai tambaya?

Talata, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yana nan.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Abin da ke ba ni haushi, ko'ina a garin nan farashi hawa yake. Buhun siminti ya ninka, rodi ya ninka, birkila ma yanzu sai ka roƙe shi. Sababbin gidajen kan tudu, waɗanda suke kallon layin su Yaya daga sama, casa'in ake sayar da su. Masu saye rabinsu suna ƙasashen waje, ta waya suke ciniki, ba su taɓa kwana a ciki ba. Na kimanta shida daga ciki, kujeru har yau da ledarsu. Masu ginin suka toshe babbar magudana da katangarsu, ruwan da ke bin hanyarsa tun kafin a haife ni ya rasa inda zai bi sai falon Tela.

Sai kuma titin. Shekara huɗu ana cewa sabon titi zai ratsa ta ƙasan layin, har an kafa turaku masu jan kai. A kan turakun nan kawai gidajen suka tashi daga ashirin zuwa arba'in. Bara aka karkatar da shi ta bayan kasuwa. Turakun suna nan, mata na shanya a kai.

Lokacin da Yaya ya karɓi kuɗinsa, kowane mako farashi yana ƙaruwa. Gida biyu na hana shi saye, ɗaya don rufin, ɗaya don takardun ba su kwanta min ba. Kafin wata uku kowanne ya ƙara biyar, suka fi ƙarfinsa. Ya daina tambayata. Anti ta fara cewa su ci gaba da haya kawai. Ni gwanar gida, 'yar da aka kai jami'a da albashin gidan waya, na kasa samo wa yayana ɗaki uku. Sai wannan ya fito. Na ce wa kaina titi zai zo da kwalbati.

Ba na son rubuta sauran.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Dogo ya je ya dawo cikin awa ɗaya.

Ya ce, "Gidan yayanki tas, fenti sabo, har an ba ni ruwan sanyi. Akwai wani ciniki a layin da bai shiga kundi ba?"

Na ce, "Duba kundin mana."

Ya ce ya duba. Ya tafi yana fito.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na haɗu da Malama a gidan Yaya. Da na san za ta zo da ban je ba. Ta zo da tef ɗin awo don labule, da ƙaramin littafi tana rubuta faɗin tagogi. Mace ce mai magana a hankali, irin waɗanda ɗalibai ke yi wa shiru ba don tsoro ba. Shekara goma sha shida tana haya a bene hawa na uku. Ta ce mahaifiyarta ba ta iya tashi tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, shekara biyu ke nan ba ta taka ƙasa ba, sai an samu maza biyu su sauko da ita in za a je asibiti. Shi ya sa take son gidan ƙasa, marar matakala ko ɗaya. Ta auna ƙofar ƙaramin ɗaki ta ga keken guragu zai shiga, ta yi murmushi.

Tana faɗin haka Yaya yana tsaye da tire a hannu. Ƙofar ɗakin Anti a buɗe take.

Da za ta tafi ta ja ni gefe. Ta ce, "An ce aikinki ke nan. Ni ban san komai a kan gini ba. Tsakaninki da Allah, gidan lafiya?"

Na ce, "Ni na zaɓa wa yayana shi."

Ta ce, "To shi ke nan, hankalina ya kwanta."

Ban yi mata ƙarya ba. Tun a mota nake maimaita wa kaina haka, har yanzu bai zauna ba.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Hadari ya haɗu ya watse. Na wanke kayan da na wanke jiya.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Manaja ya tambayi fayil ɗin gida na goma sha huɗu. Na ce hotunan ba su fito da kyau ba, sai na koma. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce shekara goma sha ɗaya bai taɓa jin hotona ya ƙi fita ba. Ya ba ni mako guda.

Wannan kam ƙarya ce. Ta farko, in ban ƙirga sauran ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Dogo ya rubuta talatin da tara. Banki sun amince. Asabar za a sa hannu a gidan, Litinin kuɗi su shiga, Talata a tura asibiti. Na kira Yaya in yi masa albishir. Ya ce, "To, madalla," kamar an gaya masa farashin gawayi.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ruwa tun sha biyu har huɗu. Ina zaune a ofis ina kallon taga, kowa na murna an samu sanyi. Da ya tsagaita na kira. Yaya ya ce tsakar gida ya kai idon sawu, bai shiga ɗaki ba, ya tare ƙofa da buhunan yashi. Ya ce kafin Asabar zai bushe.

Sannan ya ce, "Auta, mutum nawa ne za su iya ɗaga tsohuwa da kekenta in ruwa ya shigo?"

Na ce layin waya ba kyau, ban ji ba.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Muna falo: ni, Yaya, Malama, dillali, da ma'aikacin banki da takardunsa. Dillali ya sa turare har yana hawa kai, sai zuba yake cewa nan da shekara biyu layin zai kai sittin. An miƙa wa Malama biro. Yaya ya ce ta dakata, akwai ɗakin da ba ta gani da kyau ba.

Muka shiga ɗakin Anti. Tana zaune ta jingina da filo, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau. Yaya ya sa kafaɗa ya ture durowar, shi kaɗai, da shekarunsa sittin da uku. Na ce ya bari, bai ko kalle ni ba. Bayanta bango baƙi ƙirin har gwiwa, da layi uku a jere, kowace damina da nata. Na bara ya fi tsawo.

Ya ce, "Malama, nan ya kai bara. Da rana ya shigo, cikin minti ashirin. Ni da maƙwabta muka fitar da matata a kan kujera. Fentin da kika gani a waje mako biyu ke nan da shafa shi."

Dillali ya fara cewa ai ko'ina ana ruwa, ai za a gyara magudana. Anti ta ce masa, "Bawan Allah, yi shiru, kana ɗakin mara lafiya." Sannan ta juya ga Malama. "Ni na ce ya nuna miki. Ba za a yi min aiki da kuɗin da zai kwantar da mahaifiyarki a cikin ruwa ba. In na tashi ma ba zan ji daɗin tashin ba."

Malama ta daɗe tana kallon bangon. Ta mayar da biron, ta durƙusa ta yi wa Anti sannu, ta ce Allah ya ba ta lafiya. Da za ta fita ta bi ta gabana. Kallo ɗaya ta yi min, irin wanda take yi wa ɗalibin da ta san ya iya amma ya kwafa.

Da kowa ya watse na ce, "Yaya, kwana biyar ya rage. Me ka yi ke nan?" Muryata ta tashi, ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Ya zauna a bakin gado yana haki. Ya ce, "Auta, mu ɓoye mana aka yi. Har ke da aikinki ne ba ki gani ba, da kin gani da kin faɗa min. To ni na gani. Ya zan yi?"

Na gani. Ranar da muka zo duba gidan na sa hannu a bayan ƙofar ɗakin nan, na ji sanyin, gari ya biyo tafina. Yaya yana tsakar gida yana auna inda zai dasa lemo. Na goge hannuna na fito na ce masa gida ya yi. Ban taɓa rubuta wannan ba sai yau.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ban fita ba.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ciro fayil ɗin na sa a kundi. Kafin azahar Dogo ya zo teburina riƙe da shi. Ba fito yau.

Ya ce, "Ranar shida kika je. Ni na tambaye ki ranar sha biyu."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Sunana ne a takardar bankin, ba naki ba. Ina da yara huɗu."

Na ce zan gaya wa Manaja ni ce. Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce za mu yi magana ƙarshen wata, kafin nan kada in fita aikin waje. Ban damu ba, abin mamaki. Ina jin kamar wani ake wa faɗa a ɗakin kusa.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na sayar da motata da sarƙar da Anti ta saya min ranar da na gama jami'a. Abokan Yaya na gidan waya sun haɗa abin da suka iya. Duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na kira asibitin sau uku. Matar da ke ɗauka tana da ladabi sosai. Ta ce akwai mutane a layi, ba za su iya riƙe gado ba.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Labarin Tela ya fita, dillali ne ya baza don haushi. Na bi ta layin a ƙafa, allo biyar a ƙofa biyar. Mutanen da suka ɗaga hannu a kan talatin da biyar yau suna raɗa wa dillalai ashirin, wani ma sha takwas. An fara cire rufin gidan Tela. Wata maƙwabciya ta ƙi amsa gaisuwar Yaya, wai shi ya karya layi da bakinsa.

A kan tudu kuma an kafa sabon allo. Casa'in da biyar.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yau ce ranar. Anti ta ce a buɗe mata taga, warin fentin yana tayar mata da zuciya.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Anti ta ci cokali uku. Ta yi min tsiya a kan takalmina, wai mai auna gidan miliyoyi tana yawo da dunduniya a waje. Na yi dariya na shiga banɗaki na daɗe.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ya zo gidana da jakar leda. Takardun gidan ne, duka, har da rasit ɗin ranar da muka saya, ya jera su bi da bi kamar wasiƙu. Ya ce asibitin sun ce wataƙila a samu wata ranar nan da wata uku, in jikinta ya kai. Ya ce an gaya masa akwai wani ƙaramin asibiti da zai karɓi rabi a fara da shi. Yana magana yana kallon ledar.

Na ce, "Yaya, akwai maganar da ya kamata in faɗa maka tun tuni. A kan gidan nan."

Ya ɗaga hannu. "Na sani kina jin nauyi. Kada ki ɗora wa kanki, kin yi iya ƙoƙarinki. Wa ya san gobe?" Ya tura min ledar. "Ko nawa ne a sayar, amma a gaya wa mai saye gaskiya. Na sallami dillalin. Ke za ki yi min, Auta. A harkar nan ban yarda da kowa ba sai ke."

Na buɗe baki. Ya gaji ƙwarai, idonsa ya faɗa, kuma daga nan gida zai koma ya juya ta a kan gado.

Na ce to.